Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dattawan Black Sabbath Uku Da Suka Rage

Zuwa ga Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward,

Ranku ya daɗe. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ina miƙa muku ta'aziyyar abokinku kuma ɗan unguwarku, Ozzy Osbourne, mawaƙin Black Sabbath, ƙungiyarku ta kiɗan rok, wanda ya rasu ranar 22 ga Yuli, 2025, yana da shekara 76, kwana 17 kacal bayan da ku huɗun kuka hau dandali ɗaya a filin ƙwallo na Villa Park da ke Birmingham a Ingila. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya ba iyalinsa dangana. Na san babu mai jin Hausa a cikinku, amma da Hausa nake tunani a kanku tun ina matashi, kuma na fi yarda da maganata idan ta fito da harshen da na sha a nono. Ina fatan wani zai isar muku da ita, ina kuma so masu karanta Hausa su zama shaida a kan abin da na roƙa.

Na fara jin kiɗanku a 1984, a wani kaset da yayana ya dawo da shi daga karatu a Ingila. Kwalin kaset ɗin ya ɓace tun kafin ya shigo hannuna, saboda haka na yi shekaru ban san fuskar ko ɗayanku ba, ballantana sunayenku. Abin da na sani shi ne sauti huɗu: jita mai nauyi kamar ana jan ƙarfe a ƙasa, wata jitar mai kaurin murya da ke bin ta tana zagaye ta, murya siririya irin ta wanda tsoro ya kama da gaske, sai kuma ganga. Na tashi kusa da makaɗa, kunnena kuwa ganga yake fara nema kafin komai, kuma wannan gangar ba ta tafiya a miƙe kamar ta fareti. Tana jinkirtawa, tana zabura, tana amsa wa jita kamar yadda kalangu ke amsa wa mawaƙi. Sai daga baya na san cewa kundin Paranoid nake saurare, na kuma san cewa mai gangar sunansa Bill Ward. A kan wannan ganga, da kuma kundin da aka yi babu ita, nake rubuto muku.

Kundin shi ne 13, wanda ya fito a watan Yunin 2013, aka kuma tallata wa duniya shi a matsayin dawowar Black Sabbath ta asali. Ina son kundin, na saye shi, har yau ina sauraren sa. Amma kundin mutum uku ne daga cikin huɗu, kuma yanzu da Ozzy ya tafi, ba za a sake samun damar cike wannan giɓi ba har abada. Roƙona shi ne ku bar shi da giɓinsa, kada ku yarda a yi masa kwaskwarima ko a sayar da shi da sunan abin da bai kasance ba, kuma ku ukun ku zauna ku ba da labarin yadda aka yi shi da bakinku tun kuna raye. Zan ɗan waiwayi tarihinku kafin in koma kan roƙon. Kun fi ni sanin sa nesa ba kusa ba, amma hujjata a cikinsa take.

Ku huɗu kun fito daga Aston ne, unguwar ma'aikata a Birmingham, an haifi uku a 1948, ɗaya a 1949, lokacin da kufan bama-baman yaƙin duniya na biyu ke nan yara na wasa a cikinsu. Ozzy ya yi aiki a mayanka, ya yi a masana'antar da ake gwada ƙahon mota, ya kuma yi makonni shida a gidan yarin Winson Green saboda sata. Kai Tony kana da shekara 17 injin yankan ƙarfe ya datse maka kan yatsu biyu na hannun dama, a ranarka ta ƙarshe a masana'antar, kuma da yake kai bahago ne, da wannan hannun kake danna tsirkiyar jita. Shugabanka a wurin aiki ya kawo maka faifan Django Reinhardt, makaɗin da gobara ta nakasa masa yatsu bai daina kiɗa ba, sai ka narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke ka ƙera wa kanka kan yatsu, ka lulluɓe su da fata, ka nemi tsirkiya marar kauri, daga baya kuma ka sassauta ta don rage zafi. Daga wannan larura nauyin sautin ya ƙaru, kuma duk mai son kiɗan rok ya haddace wannan labari. Labarin da ba a cika maimaitawa ba shi ne naka, Bill: ka sha faɗa cewa da dare kana kwance kana jin dukan manyan gudumomin masana'antu, kana bin su da yatsunka a jikin gado, kuma makaɗan jaz irin su Gene Krupa da Buddy Rich ne suka gyara maka kunne. Ashe masana'anta ta shiga kiɗanku ta ƙofa biyu ne, ta yatsun Tony da kuma ta kunnen Bill.

Kun haɗu a 1968 da sunan Polka Tulk, kuka koma Earth, kuka sha wahalar wasa sau da yawa a dare guda a gidajen rawa na Hamburg a Jamus, har kuka san numfashin juna. Da kuka tarar akwai wata ƙungiya mai suna Earth, a 1969 kuka ari sunan wani fim na ban tsoro na 1963, wato Black Sabbath. A watan Oktoban shekarar kuka shiga sutudiyon Regent Sound a Landan tare da furodusa Rodger Bain, kuka naɗi kundinku na farko a yini ɗaya, kusan yadda kuke yin sa a gaban jama'a. Ya fito ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1970, ya kai na 8 a jerin kundaye na Birtaniya duk da zagin da masu sharhi suka yi masa. Kafin shekarar ta ƙare Paranoid ya hau na 1. Daga nan zuwa 1978 kun yi kundi takwas ku huɗu ba tare da an canza ko mutum ɗaya ba, kuma idan mutum ya saurari shida na farko da kunnen basira zai ji cewa babu wanda ke yi wa wani rakiya a cikinku. Geezer, mai jitar nan mai kaurin murya, shi ke rubuta yawancin baitoci, Tony ke kawo ginshiƙin kiɗan, Ozzy ke nemo karin waƙar, Bill kuma ke hana abin ya daskare. Idan aka cire gangar, nauyin na nan amma rawar ta tafi.

Dole in taɓo maganar suna, domin ni Musulmi ne, kuma an sha tambayata abin da ya haɗa ni da mutane masu irin wannan suna da irin waɗannan hotuna. Ban taɓa ɗaukar tambayar da wasa ba. Abin da na tarar da na nemi baitocin na karanta shi ne gargaɗi: tsoron shaiɗan, la'antar masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi su kuma su ɓuya, bayanin yadda ƙwaya ke cinye mai shan ta, har da waƙa guda a kundin 1971 da ke kare imani da Allah ƙarara. Geezer ya tashi a gidan Katolika masu riƙo da addini, kuma mahaifin Ozzy ne ya ƙera muku gicciyen da kuke ratayawa. Akwai abubuwa da yawa a rayuwarku ta wancan zamani da ba zan yabe su ba, shaye-shaye a kan gaba, kuma ku da kanku kun faɗi irin ɓarnar da suka yi muku. Na kawo wannan ne don ku san cewa mai rubuto muku ya auna ku kafin ya so ku.

Shaye-shayen nan, da gajiya, da shari'ar da kuka yi da tsohon manajanku a tsakiyar shekarun 1970 lokacin da kuka gano wahala taku ce dukiya ta wasu, su suka kai ga korar Ozzy a watan Afrilun 1979. Wanda aka ɗora wa nauyin gaya masa kuwa Bill ne, babban amininsa a cikin ƙungiyar. Na daɗe ina tunanin wannan, domin a ganina tun daga ranar aka shuka abin da ya tsiro bayan shekara 33. Bill ya yi kundin Heaven and Hell da Ronnie James Dio, mawaƙin da ya maye gurbin Ozzy, a 1980, amma a watan Agustan shekarar ya bar ƙungiyar ana tsakiyar rangadi, giya ta ci ƙarfinsa, rashin Ozzy kuma ya hana shi sakat. Ya dawo ya buga kundin Born Again da mawaƙi Ian Gillan a 1983, ya sake tafiya. Daga nan sai Tony ya ɗauki sunan shi kaɗai a kafaɗarsa shekara da shekaru, mawaƙa da makaɗa suna shiga suna fita.

Waɗannan shekaru ma tarihinku ne, kuma an yi musu rowar ambato. A cikin kundaye 19 na sutudiyo da ke ɗauke da sunan Black Sabbath, 10 ba muryar Ozzy ba ce: uku na Dio ne, ɗaya na Gillan, ɗaya na Glenn Hughes, biyar na Tony Martin. Geoff Nicholls ya yi muku kiɗa daga 1979 har zuwa 2004, yawancin lokaci a gefen dandali inda ba a ganin sa, ya rasu a 2017. Cozy Powell ya buga muku ganga, ya rasu a haɗarin mota a 1998. Da aka shigar da ku zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2006, ku huɗun farko kaɗai aka kira. Kundayen Tony Martin sun yi shekaru ba a samun su a kasuwa, sai a watan Mayun 2024 aka sake fitar da huɗu daga cikinsu a akwati ɗaya, kuma na yaba maka, Tony, da ka tsaya a kan wannan aiki. A wurinmu ma haka abin yake, sunan mawaƙi ake kira, makaɗa da 'yan amshi su tsufa babu wanda ya san su, saboda haka ciwon ba baƙo ba ne a gare ni.

Kun sha gwada komawa. Kun yi waƙoƙi uku a taron Live Aid a Philadelphia a 1985, kun yi dare biyu a Birmingham a Disamban 1997 waɗanda suka zama kundin Reunion na 1998 mai sabbin waƙoƙi biyu, a shekarar ce kuma ciwon zuciya ya kwantar da Bill. A 2001 kun fara aikin sabon kundi ku huɗu tare da furodusa Rick Rubin, aikin ya watse. A 2005 kuka yi rangadinku na ƙarshe da Bill. Daga nan Tony da Geezer suka koma wurin Dio da sunan Heaven & Hell, har ciwon dajin ciki ya ɗauke shi ranar 16 ga Mayu, 2010. A tsakanin nan Ozzy ya kai Tony kotu a 2009 kan mallakar sunan ƙungiyar, aka sasanta a 2010. Duk wanda ya bi wannan doguwar hanya zai gane abin da muka ji ranar 11 ga Nuwamba, 2011, da ku huɗu kuka zauna a teburi ɗaya a Whisky a Go Go a Los Angeles kuka ce za ku yi sabon kundi, na farko da Ozzy tun 1978. Na kalli hoton wannan zama sau ba adadi.

Wata uku ba su cika ba komai ya birkice. A watan Janairun 2012 aka sanar da cewa Tony na fama da ciwon daji nau'in limfoma. A watan Fabrairu Bill ya fito fili ya ce ba zai shiga aikin ba sai an ba shi yarjejeniyar da zai iya sa wa hannu ba tare da ya zubar da mutuncinsa na wanda aka kafa ƙungiya da shi ba. A watan Mayu ya tabbatar da cewa ba ya ciki, a watan ne kuma aka wayi gari an yanke shi daga hotunan da ke shafinku na intanet, aka ce lauyansa ne ya nemi a yi hakan. Ko wane ne ya nema, abin da idona ya gani shi ne hoton samari huɗu na farkon shekarun 1970 ya koma na uku, kamar ba a taɓa haifar na huɗun ba. Daga baya Ozzy ya ce jikin Bill ba zai ɗauki wasan sa'a biyu da dogon rangadi ba, Bill ya ce ƙarya ne, yana da ƙarfinsa a lokacin, matsalar takarda ce. A 2015 Bill ya nemi Ozzy ya ba shi haƙuri a bainar jama'a, Ozzy ya mayar masa da martani yana tuna masa rashin lafiyar da ta kwantar da shi a 2013. Mutanen da suka kwana a bayan mota ɗaya suna raba abinci sun koma yi wa juna magana ta Facebook. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, na sani, amma har yau labari biyu ne ke yawo, kuma kai Tony da kai Geezer kun sha nuna cewa maganar kwantiragi a hannun manajoji da lauyoyi take. Wannan amsa ba ta ishe ni ba, domin sunanku ne a jikin kundin.

Shi kansa kundin zan faɗi gaskiyata a kansa. An rubuta shi Tony na karɓar magani mai galabaitarwa, har sai da aka mayar da aikin gidansa a Ingila, aka kuma naɗe shi a sutudiyon Shangri-La da ke Malibu daga ƙarshen 2012 zuwa farkon 2013. Rubin ya zaunar da ku ya kunna muku kundinku na farko, ya ce ku manta da duk abin da ya biyo baya, ku yi kamar na biyu za ku yi. Shawarar ta yi amfani, ta kuma yi illa. Ta dawo da ku ga kiɗan bulus wanda shi ne tushenku, har Ozzy ya sake ɗaukar harmonika, kuma jitar Tony a waƙoƙin ƙarshe na kundin ita ce ta mutumin da bai san ko zai ga baɗi ba, ya zuba duk abin da ke cikinsa. Illar ita ce wasu waƙoƙin sun yi kama da tagwayen tsofaffin, mai saurare na iya nuna wadda kowace ta kwaikwaya. An kuma matse sautin wajen haɗawa har babu wurin numfashi tsakanin sanyi da ƙarfi, alhali wannan tazara ita ce sirrin tsoron da ke cikin kundinku na farko. Waƙar da ta ci kyautar Grammy a Janairun 2014 tana da sunan da ba zan iya furtawa da daɗin rai ba, ko da yake tambaya ce, kuma a cikin baitocin mawaƙin yana ƙin yarda da abin da sunan ke tambaya. Duk da haka kundin ya hau na 1 a Birtaniya, kusan shekara 43 bayan Paranoid, ya kuma zama na farko da kuka taɓa kai wa na 1 a Amurka, inda aka sayar da kwafi 155,000 a makon farko. Da kuka rufe shi da ƙarar ruwan sama da ƙararrawar da suka buɗe kundin 1970, sai da na yi hawaye.

Ganga kuwa Brad Wilk na ƙungiyar Rage Against the Machine ne ya buga, mutumin da aka haifa a 1968, shekarar da kuka kafa ƙungiyar. Ya yi aiki mai tsafta cikin ladabi da ƙanƙanin lokacin shiri, ya yi ƙoƙarin tafiya a sawun Bill, kuma babu adalci a ɗora masa laifin rigimar da ba shi ya haddasa ba. Amma akwai abin da ke nuna cewa kowa a ɗakin ya san girman giɓin: Tony ya faɗa cewa Rubin ya kawo sunan Ginger Baker, mai gangar da 'yan Najeriya suka sani, wanda ya ratsa Sahara da mota a 1971, ya zauna a Legas, ya gina sutudiyo a Ikeja, ya yi kiɗa da Fela Kuti. Ba ku karɓi shawarar ba, amma abin da take nufi a fili yake. Furodusan yana neman tsohon hannu ɗan zamaninku mai kunnen jaz, wato yana neman Bill Ward a jikin wani.

Abin da ya sa nake tsoron kwaskwarima shi ne an taɓa yi, kuma a kusa da ku. A 2002 aka sake fitar da kundaye biyu na farko na Ozzy shi kaɗai, bayan an goge kiɗan Bob Daisley da gangar Lee Kerslake saboda rigimar kuɗi, aka sa wasu suka sake bugawa. Masu saurare suka yi ta ƙorafi har aka mayar da na asali a 2011. A wancan lokaci sai an kira makaɗa sutudiyo kafin a yi irin wannan aiki, yau kuwa kwamfuta na iya ƙirƙirar muryar mamaci ta rera baitin da bai taɓa ji ba. Ina jin tsoron ranar da wani zai zo muku da shawarar a ɗora gangar Bill a kan 13 a kira shi cikakken kundin dawowa, ko a tono ragowar muryar Ozzy a haɗa da ta inji a ce ga sabuwar waƙar mutum huɗu. Kada ku yarda, ranku ya daɗe. Bill bai kasance a ɗakin ba lokacin da aka haifi waɗannan waƙoƙi, gangarsa kuwa darajarta ita ce tana canza yadda sauran ukun ke kiɗa a daidai lokacin da ake yi, idan aka liƙa ta daga baya ta zama ado kawai. Haka nan goge Brad Wilk zai zama maimaita abin da aka yi wa Bill a hoto. Idan za a sake fitar da kundin, a sassauta matsin sautin, a haɗa shi da waƙoƙi huɗun da suka rage waɗanda kuka sayar a rangadin 2016, a sa hoton Wilk da sunansa inda ido zai gani, a kuma rubuta a fili cewa Bill Ward ba ya ciki da dalilin da ya sa.

Kun rufe rangadin The End ranar 4 ga Fabrairu, 2017, a Birmingham, Tommy Clufetos ne a kan ganga, kuma Ozzy da kansa ya faɗa daga baya cewa rashin Bill a wannan dare bai yi masa daɗi ba, abin bai kammala ba. Sai da aka ƙara shekara takwas, cutar Parkinson ta hana Ozzy tsayuwa, kafin a gyara. A ƙarshen Yunin 2025 birnin Birmingham ya ba ku huɗu lambar girmamawarsa ta 'yancin gari, ranar 5 ga Yuli kuma kuka hau dandali a Villa Park, a cikin Aston ɗin da kuka tashi, gaban mutum sama da 40,000, bayan Metallica da Slayer da Guns N' Roses da sauran waɗanda suka koyi sana'a daga gare ku sun gama gaisuwa, ribar kuma aka ce ta masu yaƙi da cutar Parkinson ce da asibitin yara da gidan jinyar yara. Na kalla ta intanet. Ozzy na zaune a kan kujera, Bill mai shekara 77 ya tuɓe riga kamar yadda ya saba, kuka yi waƙoƙi huɗu, dukkansu daga kundayen 1970. Hannun Bill ba shi da saurin da, amma da ya fara kaɗawa sai jitar Geezer ta sami abokin hira, kiɗan ya sake yin lilo irin wanda na ji a kaset ɗin yayana. Wannan rabin sa'a ita ce dawowar da aka yi mana alkawari a 2011, kuma ta nuna cewa abin da ya gagara a lokacin ba gagararre ba ne.

Shi ya sa nake ganin lokacin magana ya yi. Ozzy ya ba da nasa labarin, ya tafi da abin da ya rage. Tony da Geezer kowa ya rubuta littafin rayuwarsa, amma kowa ta tagarsa ya leƙo, Bill kuwa nasa ɓangaren a warwatse yake a hirarraki da saƙonnin ɓacin rai. Tun a 2025 aka fara takaddama kan fitar da faifan da kuka naɗa a 1969 kuna Earth, wanda ke nuna irin hannayen da tarihinku zai faɗa idan kuka yi shiru. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ku zauna ku uku a ɗaki ɗaya, babu manaja babu lauya, a kunna na'urar ɗauka, ku faɗi abin da aka rubuta a takardar da Bill ya ƙi sa wa hannu, da wanda ya tsara ta, da abin da ya hana ɗayanku ɗaukar waya ya kira shi a watan Fabrairun 2012. Kai ma Bill ka faɗi gaskiyar ƙarfin jikinka a lokacin, ko da za ta rage maka hujja. Idan akwai abin da ya rage na zaman 2001, inda ku huɗu kuka yi kiɗa a ɗaki ɗaya, ku fitar da shi yadda yake da kurakuransa, ku rubuta masa shekararsa. A wannan zama ku ambaci Dio da Martin da Gillan da Hughes da Nicholls da Powell da mai ganga Vinny Appice da Wilk da Clufetos, kowa da aikin da ya yi. Bayan haka ku rubuta wasiyya, ku uku ku sa hannu, cewa ba za a sake hawa dandali ko fitar da sabuwar waƙa da sunan Black Sabbath ba, ku kuma aika wa iyalin Ozzy kwafinta.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Naku,
Mai saurarenku tun 1984